Kwaɗon da ke Kulle Mai Gida a Waje

A wannan makon filin ra'ayi zai taɓo maganar wasan kwamfuta, wato gem. Na san wani malamin zai ce allon makaranta ya fi ƙarfin zancen gem, ga jarrabawa tana matsowa. Ina roƙon a yi mini haƙuri a karanta har ƙarshe, domin tambayar da ke ƙarƙashin maganar ta shafi kowa: abin da ka sa kuɗinka ka saya a kwamfuta ko a waya, naka ne ko aro aka ba ka? Ra'ayina shi ne mai fasaha yana da haƙƙin a biya shi, amma kwaɗon da kamfanoni ke sa wa kayansu don hana kwafa ya fi cutar da mai saye na gaskiya a kan ɓarawo, kuma idan kayan ya tsufa, kwaɗon ne ke kashe shi.

Tsohon wasan da yayyenmu suka sani

Ku tambayi yayyenku da suka yi zama a Kano, ko suka taɓa leƙa gidan gem a Bichi ko Dambatta, wane wasan tseren mota suka fi tunawa. Da yawa za su ce Need for Speed: Most Wanted. Kamfanin Electronic Arts ne ya fitar da shi a watan Nuwamba na 2005, wato ya girmi kowane ɗalibi a makarantar nan. Labarinsa mai sauƙi ne. Ka shigo wani gari mai suna Rockport da motarka ƙirar BMW, wani direba mai suna Razor ya yi maka maguɗi ya cinye ta. Kafin ka karɓo motarka sai ka kayar da gwanayen direbobi 15 ɗaya bayan ɗaya, 'yan sanda kuma suna biye da kai.

A hutun da ya wuce, bayan an gama ɗaurin gero, na samu na buga shi a wata tsohuwar kwamfutar yayana. Hotunan sun nuna shekarunsu, fuskokin mutanen ciki kamar an sassaƙa. Amma daɗin wasan yana nan. Abin da ya fi burge ni shi ne bai nemi data ba, bai tsaya ya nuna mini talla ba, bai ce in sayi zinare ko lu'ulu'u kafin in wuce mataki na gaba ba. In akwai caji, akwai wasa. A garin da sai ka hau tudu ko ka tsaya gindin wata bishiya kafin sabis ya kawo, wannan babban abu ne. Da gaskiyar Hausawa da suka ce da tsohuwar zuma ake magani.

To, ga abin mamakin. Wanda ya sayi faifan wasan nan na asali a 2005, ya biya kuɗinsa cif, ya adana shi a kwalinsa, idan ya sa shi yau a kwamfuta mai Windows 10 ko 11, wasan ba zai tashi ba. Kuma kamfanin ba ya sayar da shi a shagunan intanet irin su Steam. Wanda ake gani a can mai irin sunan, wani wasa ne daban da aka yi a 2012. Amma kwafin da aka ɓalle wa kwaɗo, irin wanda ke yawo a filash daga hannu zuwa hannu, shi yana tashi lafiya ƙalau. Wanda ya biya yana waje, wanda bai biya ba yana ciki.

Yadda kwaɗon yake aiki

Tun farkon wasannin kwamfuta masu yin su ke neman hanyar hana kwafa. A da dabarar mai sauƙi ce. A wasan Prince of Persia, wanda ya fara fitowa a 1989, akan tsayar da kai a tambaye ka harafin farko na wata kalma da ke wani shafi na ɗan littafin da ke zuwa da wasan. Wanda ya kwafi wasan ba shi da littafin, sai ya tsaya nan. Amma shi ma wanda ya saya, idan gara ta ci littafinsa, ya tsaya nan.

Da faifan CD ya zo, sai aka shigar da kwaɗon cikin faifan kansa. Wani kamfani mai suna Macrovision ya ƙirƙiro wanda ake kira SafeDisc, shi ne kuma ke jikin Most Wanted na kwamfuta. Ana sa wasu alamomi a jikin faifan waɗanda na'urar kwafa ta gida ba ta iya ɗauka daidai. Duk lokacin da ka kunna wasan, wata 'yar manhaja da ke can cikin Windows za ta duba faifan. In ta ga alamomin sai ta buɗe, in ba ta gani ba ta hana.

Matsalar ita ce wannan 'yar manhaja tana zaune a wuri mai haɗari a cikin kwamfuta, kuma an gano cewa masu kutse za su iya bi ta kanta su shiga. Saboda haka da Microsoft ya fitar da Windows 10 a watan Yuli na 2015, bai sa ta a ciki ba. A watan Satumba na shekarar kuma ya kashe ta a Windows Vista da 7 da 8. Daga nan ɗaruruwan wasannin da aka sayar da irin wannan kwaɗo suka daina tashi a sababbin kwamfutoci. Faifan bai karce ba, bai fashe ba. Mai gadin da ke riƙe da makulli ne aka sallama, ƙofa kuma ta zauna a rufe.

Yanzu kwaɗon ya koma intanet, kuma ya fi na da tsanani. Kamfanin Ubisoft na Faransa ya fitar da wani wasan mota mai suna The Crew a 2014, wanda ba ya tashi sai ya gaisa da babbar kwamfutar kamfanin, ko da kai kaɗai za ka buga. A ranar 31 ga Maris 2024 kamfanin ya kashe wannan babbar kwamfuta. Duk wanda ya sayi wasan, har mai faifai a hannu, ya wayi gari da abin da ba ya aiki. Wannan ne ya sa wani Ba'amurke mai suna Ross Scott ya fara gangamin neman a hana kamfanoni kashe wasannin da suka riga suka sayar, kuma a watan Yuli na 2025 takardar koken da aka buɗe a Tarayyar Turai ta haura sa hannun mutum miliyan ɗaya.

Wa kwaɗon ya hana?

Mu duba abin da idonmu ya gani. PlayStation 2 ta fito a shekarar 2000 da nata kwaɗon, wanda ke ƙin karanta faifan da ba na asali ba. Amma gidajen gem da yayyenmu suka buga Winning Eleven a cikinsu, da wuya ka sami na'urar da ba a yi wa aiki ba don ta karanta kowane faifai. Masu ɓalle kwaɗo ba sa ɗaukar dogon lokaci, kuma mutum ɗaya ya ɓalle ya isa, sauran duniya kwafa kawai za ta yi. Har an taɓa kama manyan kamfanoni suna amfani da aikin masu ɓallewar. A 2023 an gano cewa kwafin wasan Midnight Club II da kamfanin Rockstar ya taɓa sayarwa a Steam yana ɗauke da tambarin wata ƙungiyar masu ɓalle kwaɗo. Mai gida ya rasa makullinsa, ya ari na ɓarawo.

Asarar kuma ba ta tsaya kan mai saye ba. Wata cibiyar adana tarihin wasannin bidiyo a Amurka ta yi bincike a 2023, ta gano cewa kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a ƙasar kafin 2010 ba a samun su a kasuwa yanzu. Littafin da aka daina bugawa ana iya samun sa a laburare a karanta bayan shekara ɗari. Wasan da ke da kwaɗo, ko laburare ya ajiye faifansa, ƙarfe da roba kawai ya ajiye.

Su ma masu kwaɗon suna da hujja

Adalci ne a faɗi nasu ɓangaren, kuma mu 'yan Kano ba ma buƙatar zuwa Amurka neman misali. Tun daga fim ɗin Turmin Danya na 1990, finafinan Hausa sun rayu ne da cinikin kaset, daga baya faifai. Furodusa zai ci bashi ya yi fim, ya kai wa 'yan kasuwa a Ƙofar Wambai ko Bata, ya jira ciniki. Da satar fasaha ta yi yawa, sannan aka koma tura fim a memori a kan kuɗi kaɗan, sai kasuwar faifai ta mutu, mutane da dama suka rasa jarinsu, aka koma dogaro da YouTube da tashoshin talabijin irin su Arewa24. A kowace kasuwar ƙauye akwai rumfar caji da turi, kuma kuɗin da muke biya a nan sau da yawa ba ya isa ga wanda ya sha ranar ɗaukar fim ɗin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Haka abin yake ga masu yin gem. Wasa kamar Most Wanted aikin mutane ne masu yawa, masu zane da masu lissafi da masu haɗa sauti, kuma kowa da iyalin da yake ciyarwa. Wanda ya ce kwafa ba sata ba ce tunda na mai shi yana nan bai ragu ba, ya tambayi kansa yadda zai ji idan ya kwana uku yana rubuta aikin gida, wani ya kwafe da safe ya riga shi miƙa wa malam.

Doka ma tana tare da su. Sabuwar Dokar Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta haramta ɓalle irin wannan kwaɗo, kuma Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa ce ke kula da ita. Don haka kada wani ya karanta wannan rubutu ya ce allon makaranta ya ba shi izinin satar fasaha. Ban ce haka ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari, abin da nake nunawa ke nan.

Abin da nake gani ya dace

Mu 'ya'yan manoma ne, mun san bambancin iri biyu. Akwai irin geron da kakanninmu ke zaɓa daga zangarniya mafi kyau su ajiye a rumbu, shekara ta zagayo a shuka. Akwai kuma irin masarar leda da malaman gona ke cewa a sake saye kowace damina, domin 'ya'yansa ba sa bin uwa. Manomi yana iya zaɓar na ledar saboda yabanyarsa, amma da saninsa ya zaɓa. Ba wanda ya taɓa sayar masa da buhun dawa a Dawanau, bayan shekara biyu ya biyo shi gida ya garƙame masa rumbu ya tafi da makulli. A ciniki irin namu, in an ce an sallama, an sallama.

Saboda haka abu uku nake gani. Na farko, a gaya wa mai saye gaskiya tun kafin ya biya. In haya ce a ce haya ce, a faɗi ranar ƙarewarta. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta yi doka a 2024 da ta tilasta wa shagunan intanet bayyana cewa izinin amfani kawai suke sayarwa, kuma Steam ya fara rubuta haka a wurin biyan kuɗi. Mu ma mun cancanci a gaya mana.

Na biyu, kwaɗo ya kasance yana da wa'adi. Yawancin cinikin wasa a farkon fitowarsa ake yin sa, a nan ne kamfani ke tsoron ɓarayi. Idan shekaru sun wuce, kamfani ya daina sayar da wasan da kansa, wace riba kwaɗon yake karewa? Ranar da za a janye kaya daga kasuwa, a cire kwaɗon ga waɗanda suka saya. An gwada kuma an ga amfaninsa. Kamfanin da ya yi wasan Doom a 1993 ya saki asalin rubutun manhajarsa ga jama'a a 1997, shi ya sa har yau ake buga shi a kusan kowace irin na'ura, kuma ana ci gaba da sayensa. Shagon GOG da wani kamfanin ƙasar Poland ya buɗe a 2008 yana sayar da tsofaffin wasanni ba kwaɗo ko ɗaya, kuma har yanzu yana nan yana ciniki.

Na uku, a bar wa laburare da gidajen tarihi ƙofa. A Amurka tun 2015 aka yarda irin waɗannan wurare su buɗe wasu wasannin da kamfani ya kashe wa babbar kwamfuta, domin adanawa. Mu ma muna buƙatar irin wannan tunani, ba don gem kaɗai ba. Finafinan Hausa nawa na zamanin kaset ne yau za a nema a rasa?

Ku dubi dara. Ramuka 30 a ƙasa, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, tsakuwa ko kara. Ba mu san wanda ya ƙirƙiro ta ba, amma dattawa na yin ta a inuwar kasuwa har gobe, domin duk wanda ya gani ya iya, ya tafi da ita garinsu. Langa ma haka, carafke ma haka. Ba na cewa gem ya zama kyauta kamar dara, tunda yin sa na cin kuɗi. Amma wasan da ba a iya miƙa wa na baya, ranar mutuwarsa tana rubuce tun ranar haihuwarsa.

Ina ruwanmu?

'Yan aji shida sun fi kowa sanin amsar. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, kuma da yawa daga cikinmu da manhajar gwaji muke koyo. Irin waɗannan manhajoji galibi sai ka sayi lambar buɗewa, lambar kuma a kan na'ura ɗaya take aiki. Ɗalibin da babansa ya sayar da tiyar wake ya saya masa lamba a wayar gidan, idan wayar ta faɗa ruwa ko ta lalace aka goge ta wurin mai gyara, yana iya samun kansa a waje kamar mai faifan Most Wanted. Kwaɗo ɗaya ne, riga kawai ya canza. Gobe kuma littattafan karatu ne za su zo a haka.

Akwai kuma haɗarin ɗaya ɓangaren. Kwafin da aka ɓalle ba ka san hannu nawa ya bi ba, kuma hanya ce da aka sani ta yaɗa bairos. Ɗakin kwamfuta irin na makarantun karkara, mai na'urori 'yan kaɗan da ke jiran sola ko janareta, filash ɗaya mai cuta ya isa ya tsayar da darasin zango guda. An gudu daga gara an faɗa gidan zago ke nan.

Shawara ga 'yan'uwana ɗalibai

Kafin ka biya kuɗin kowace manhaja, yi tambaya uku: tana aiki ba data? In wayata ta ɓata zan iya mayar da ita a wata? Yaushe za ta daina aiki? In mai sayarwa ya kasa amsawa, riƙe kuɗinka. In ka saya, rubuta lambar da ranar saye a bayan littafinka, kada ka bar ta a wayar kaɗai. Kuma kada kowa ya soka filash ɗinsa a kwamfutar makaranta ba da izinin malami ba.

Roƙo ga malamanmu

Akwai wasanni da manhajojin da masu su suka yarda a kwafa a raba kyauta, ba sata ba kwaɗo. SuperTuxKart wasan tseren mota ne. Tux Typing yana koyar da buga rubutu da sauri, abin da kowane mai shirin JAMB ke buƙata. GCompris yana da wasannin lissafi da karatu da za su yi wa 'yan aji ɗaya amfani. Duk suna aiki ba intanet, saukewa ɗaya ta ishi makaranta gaba ɗaya har da maƙwabta. Akwai kuma Scratch, wanda jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007 don yara su koyi haɗa wasa da kansu, shi ma yana da nau'in da ke aiki ba data. Muna roƙon malamin kwamfuta ya duba yiwuwar sa mana su, ya ware mana ko da awa ɗaya a mako.

In hakan ta samu, ina ba ƙungiyarmu shawarar aikin farko ya zama dara ta kwamfuta, da umarninta cikin Hausa. Ranar da muka gama ta, mu za mu zauna a kujerar masu fasaha, mu yanke wa kanmu hukunci: mu sa mata kwaɗo, mu sayar, ko mu rubuta sunayenmu a jiki mu bar ta ta yi yawo. Ni dai na faɗi inda ƙuri'ata za ta faɗa. Wanda yake ganin ba haka ba, malami ne ko ɗalibi, ya rubuto nasa ra'ayin ya miƙa wa ƙungiyar 'yan jarida kafin ranar Alhamis, za mu liƙa shi a wannan gurbi mako mai zuwa.

Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa. Wassalam.